Nasiha ga ɗana mai waƙa a waya

Ɗana, na ji waƙarka ta tsadar taki, wadda ka ɗauka a ɗan situdiyon nan na Zariya. An ce har masu tura waƙa a kasuwar Makarfi sun fara zuba wa mutane ita a memori. Allah ya yi albarka. Muryarka ta fi ta babanka, amma kada ka gaya masa ni na faɗa. Ka tambaye ni ko irin wannan waƙa, wadda ba ta bi ta rediyo ba kuma babu wani babba a bayanta, za ta iya gyara wani abu. Za ta iya, sai dai ba da sauri irin wanda kake tsammani ba.

Ku ba ku ne farau ba. Tun da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja suke tsara waƙoƙin da sarakuna ba sa son ji. Ba waya, ba intanet. Mutum ya haddace, ya rera wa wani a bakin kasuwa, wani ya kai ƙauyensu. Dogarai da 'yan doka sun daki mutane, alƙalai sun ɗaure wasu. Kukan haraji da jangali ya daɗe a bakin talakawa, amma ba a soke su a jiharmu ba sai da Balarabe Musa ya hau mulki a 1979 ƙarƙashin PRP. Lissafa shekarun da kanka. A tsakani akwai masu yawo ƙauye ƙauye a kan keke, da masu tara kwabo, da waɗanda suka tsaya a rumfar zaɓe har aka gama ƙirga. Ko shi Balarabe, da yake majalisa ba tasa ba ce, a 1981 suka tsige shi.

Waƙa kamar gangar noma take a ranar gayya. Tana sa rago ya ji kunya, tana ƙara wa mai himma ƙarfi, amma kunya ba ta tashi sai da garma a hannu.

Wayar da ke hannunka ta kawo abu ɗaya wanda ba na musu a kai: hana waƙa yawo ya zama da wuya. A Kano an ɗaure Adam Zango a 2007 kan kundinsa Bahaushiya. A 2009 kotu ta haramta wasu waƙoƙi, aka kuma kama Aminu Ala. Sai samari suka riƙa tura wa juna waƙoƙin ta Bluetooth, har wanda bai taɓa jin labarinsu ba ya shiga nema. Duk da haka matsin bai sassauta ba sai da zaɓen 2011 ya canza gwamnati.

To amma wayar ba ta mantuwa, kuma ba ta da ɗan'uwa. Baitin da ka yi cikin fushi da daddare, da safe yana hannun wanda ka zaga, da sunanka da fuskarka. A 2022 kotu a Kano ta sa an yi wa wasu samari biyu bulala kan bidiyon TikTok da suka yi wa gwamna. Don haka ka faɗi abin da aka yi, ka bar iyayen mutum da halittarsa. Idan ka ce an karkatar da taki, ka tabbata ka san buhu nawa aka turo mazaɓar Kurmin Kogi da nawa suka iso, domin a gaban alƙali amshi ba ya zama hujja.

Abin da na fi ji maka tsoro ma ba ɗauri ba ne. Zaɓe na ƙaratowa wani zai aiko maka da babur, ya ce ka sa sunansa a baiti ɗaya kawai. Ba na zagin masu waƙar siyasa, sana'a ce, Rarara ya yi arziki da ita. Sai dai ranar da ka karɓa, manomin rake na Kudan zai saurare ka da kunnen da yake sauraren kamfe.

Kafin ka koma situdiyo, je ka zauna da masu noman tumatir na rani, ka ji yadda dillalai ke yanka musu farashin kwando idan kaya ya yi yawa. In sun rubuta takardar koke zuwa sakatariyar Ikara, ka sa hannu tare da su, ka kuma raka su ranar kai ta. Ka gaishe min da mahaifiyarka.