Salsalar Bangaskiyarmu: Darasi Daga Ayyukan Manzanni

A unguwar Madabo, cikin birnin Kano, akwai masallaci da makarantar ilmi waɗanda sun daɗe ƙwarai. Littafin Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), wani littafi kuwa ya kawo zuwansu zamanin Muhammadu Rumfa. Ko wanne ne daidai, ga waɗannan baƙi a ke danganta asalin karatun Madabo. Almajirin da ya yi nisa a irin wannan makaranta, in an tambaye shi wurin wa ya karanta, ba ya inda-inda. Sai ya faɗi malaminsa, da malamin malaminsa, ya yi ta lissafawa baya. Wannan ita a ke kira salsala, ilmin da ba shi da ita kuwa ba a cika ba shi daraja ba.

To, 'yan'uwa, mu fa? Maƙwabci yakan ce wa saurayi mai bi, ai addininku jiya jiya Bature ya kawo shi cikin akwati. Saurayin ya sunkuyar da kai, gama iyakar saninsa ita ce Bishop Tugwell da Dokta Miller sun iso Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su, an kuma buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Daga nan baya duhu ne a gare shi. Irin wannan kunya takan ci zuciya a hankali kamar gara, har mutum ya soma shakkar abin da ya karɓa. Laifin kuwa ba na saurayin ba ne kaɗai, gama mu masu wa'azi mun cika son wasiƙun Bulus, mu tsallake labarin tafiyarsa.

Luka likita bai rubuta tatsuniya ba. Tatsuniya ba ta da shekara, ba ta da sunan hakimi. Amma ku duba sura 18, aya 12: an kai Bulus gaban shari'a a Koranti sa'ad da Galiyo ya ke mulkin Akaya. Masu haƙa sun tono wani dutse a Delfi, cikin ƙasar Girka, ɗauke da wasiƙar Kaisar Kalaudiyas mai ambaton wannan Galiyo. Daga dutsen aka gane ya yi mulki wajen shekara ta 51 zuwa 52. Ashe muna iya sa yatsa a kan shekarar da Bulus ya tsaya a wurin, shekara ashirin da 'yan kai bayan giciye Ubangijinmu, tun waɗanda suka gan shi da ido suna da rai.

Sa'an nan ku lura da mutanen da ke cikin salsalar. A sura 8 Filibus ya yi wa ma'ajin sarauniya Kandakatu baftisma, mulkin nan kuwa yana bakin kogin Nilu, a inda Sudan ta ke yau. A sura 11, aya 20, mutanen Kubrus da na Kurane ne suka yi wa Helenawa bishara a Antakiya, garin da aka fara kiran almajirai Kirista. Kurane tana ƙasar Libiya, ƙasar da ayarin Kano ya daɗe yana kai mata fatu da turkuɗi. Cikin malamai biyar na ekklesiyar Antakiya, wadda ta sallami Barnaba da Shawulu zuwa aikin bishara, akwai Lukiyas Bakurane da Saminu mai laƙabin Baƙi (13:1). Wato mutumin Afirka yana zaune cikin taron da ya aiki manzon da ya kai Bishara Turai. Kakannin Ingilishi kuwa sai a 597 Agustin ya iso wurinsu daga Roma.

Salsalar ba ta yanke a sura 28 ba. Bulus ya umurci Timoti ya danƙa abin da ya ji ga amintattu, su kuma su koya wa waɗansu (2 Timoti 2:2). Haka aka yi. Folikaf na Samirna ya zauna gaban Yahaya manzo, Irenayas ya saurari Folikaf yana yaro, ya kuwa rubuta wannan da hannunsa. A shekara ta 180 aka sare kawunan masu bi 12 a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau. Da alƙali ya tambayi abin da ke cikin akwatinsu, aka amsa masa littattafai ne da wasiƙun Bulus.

Aikin wannan wata: kowane aji ya karanta sura 8 zuwa 13, ya rubuta sunan kowane mutum, da garinsa, da wanda ya yi masa bishara. Bayan haka kowa ya je wurin tsofaffin ekklesiyarsu ya tambayi wa ya fara kawo musu Maganar, shi kuma a bakin wa ya ji ta, a rubuta tun tsofaffin suna nan.