Ƙugi da Huci a Tsohuwar Mikisa

Mikisa ita ce akwatin nan mai maɓallai jere-jere da ake gani a masallacin Juma'a, da wajen walima, da gidan rediyo. Ita ke karɓar murya daga makirufo, ta daidaita ta, ta miƙa wa amfilifaya, shi kuma ya tura wa lasifika. Idan ta kwana biyu tana aiki, sai ta fara fitar da ƙarar da ba wanda ya sa ta.

Haka ta faru da ta masallacin unguwarmu. Liman na huɗuba, lasifika na ta ruri, na sahun baya ba sa jin komai. Mutane suka ce a yi karo-karo a sayo sabuwa. Wani dattijo mai gyaran rediyo ya ce a dakata. Ya zo bayan La'asar, bai ɗauko ko sukundireba ba. Ya zauna a kan tabarma ya ce da ni, "Yaro, kunna mu ji kukanta tukuna."

Kukan mikisa galibi iri biyu ne. Akwai ƙugi, mai kauri, "mmmm", kamar na tiransifomar bakin titi. Akwai huci, siriri, "shhhh", kamar iska na fita daga taya. Kowanne da inda yake fitowa, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan.

Ƙugi daga wutar lantarki yake. Wutar da muke amfani da ita a Najeriya da Nijar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Idan wannan kaɗawar ta sami hanyar shiga wayar murya, ita ce kake ji a lasifika.

Ga abin da dattijon ya yi, kuma kai ma za ka iya. Ya rage muryar amfilifaya. Ya duba maɓallin da aka rubuta 48V ya kashe shi. Sannan ya zare duk wayoyin da ke shiga mikisa, ya bar mai fita kawai. Ya ɗaga murya a hankali. Shiru kake ji. Ya ce, "To, ba ruwanta." Sai ya riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana saurare. Da ya zo kan ta uku, ƙugi ya dawo. Muka bi wayar, muka tarar an shimfiɗa ta ƙarƙashin darduma, kafaɗa da kafaɗa da wayar wutar fanka, har tsawon sahu guda. Ga shi kuma an taka ta har ta tsage a wuri biyu.

Wayar murya ba ta son maƙwabtaka da wayar wuta. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. Kuma wayoyin ba ɗaya ba ne. Ta makirufo mai ƙafa uku, wadda ake kira XLR, an yi ta ne ta kashe ƙarar da ta kwaso a hanya, shi ya sa take iya tafiya mai nisa lafiya. Mai kai guda irin ta jita kuwa, da ta wuce 'yan mitoci sai ta fara jawo ƙugi.

Wani sanadin shi ne raba soket. An sa mikisa a soket ɗin gabas, amfilifaya a na yamma, kwamfuta a wani daban. Kowanne yana da tasa hanyar zuwa ƙasa, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta cikin wayar muryar da ta haɗa su. Maganin ba ya cin ko sisi: tara su duka a soket ɗaya. Cajar waya mai araha da fitila mai dogon ƙwai su ma suna kawo tasu ƙarar. Zare su ka ji.

A nan ina so ka tsaya ka karanta sau biyu. Wasu sukan karya doguwar ƙafar filogi, ko su yanke wayar nan mai launin kore da rawaya, don ƙugi ya ɗauke. Yakan ɗauke kuwa. Amma wannan wayar ita ce ke kai wuta ƙasa idan wani abu ya lalace a ciki. In babu ita, wutar volt 230 za ta nemi wata hanya. Ka tuna ladan yana tsaye ba takalmi, makirufo na ƙarfe a hannunsa, kusa da leɓensa. Kada ka yanke ta, kada kuma ka bari a yanke a gabanka.

Huci kuma daga cikin na'urar yake. Ko sabuwa ce tana da shi kaɗan, sai dai murya takan rufe shi. Yana bayyana ne idan aka murɗa maɓallin can sama, wanda aka rubuta wa GAIN, har ƙarshe, alhali makirufo yana nesa da bakin mai magana. Matso da makirufo, ka sa mutum ya yi magana yadda ya saba, ka murɗa a hankali har fitilun awo su riƙa taɓa 0 ba tare da ja ya kama ba. Duk layin da ba a aiki da shi, sauke shi ƙasa. Layi takwas a buɗe, huci takwas ke nan a haɗe. In ka cika ɗaga maɓallin siririyar murya, shi ma yana ƙara shi.

Idan kana murɗa maɓalli kana jin ƙaraf-ƙaraf, ƙura ce, kuma wanda ya san hunturunmu ba zai yi mamaki ba. Akwai maganin feshi na musamman da ake sayarwa a shagon kayan lantarki don wanke irin waɗannan maɓallai. Cire filogi, fesa kaɗan, murɗa hagu da dama kamar sau ashirin, ka bari ya bushe. Ban da kananzir, ban da fetur, ban da baƙin mai.

To idan an zare komai amma ƙugi na nan fa? Sai a duba ko mikisar gwanjo ce daga Amurka, inda wutarsu volt 120 ce. Irinta takan yi aiki da ƙaramin tiransifoma mai rage wuta, kuma in aka ajiye shi jikinta yakan sa ta ƙugi. Nisanta shi. In bai daina ba, zargi ya koma kan kafasita, waɗansu 'yan gwangwanaye da ke tace wuta a cikin mikisa. Zafi da shekaru suna busar da su, wani lokaci ka ga kansu ya kumbura. Wannan aikin mai gyara ne, domin suna riƙe wuta ko bayan an cire filogi. Kai dai ka gaya masa abin da ka gwada da abin da ka ji.

Tamu ba ta kai ga haka ba. Muka sayo sabuwar waya mai ƙafa uku, muka bi da ita ta jikin bango, nesa da ta fanka. Da dattijon zai tafi, ya dubi ladan ya ce, "Malam, a samo ƙyalle a riƙa rufe ta bayan kowace salla."