Ɗana, Kafin Ka Taka Feda

Matso kusa ka zauna, maganar keke za mu yi.

Na ga yadda samarin ƙasar Gumel kuka rungumi keke, abin kuwa ya yi mini daɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa suka jingine babur, suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Ku kuma kun zo da naku salon. Wani ya sayi mai siririyar taya, irin na tsere a kan kwalta. Wani ya sayi mai ƙatuwar taya da giya birjik, wanda aka ƙera domin hawan duwatsu. Kuna kallon gasar ƙasashen waje a waya, zuciya tana raya muku ku ma ku gwada. Ba laifi ba ne. Mu ma mun yi yayin Raleigh a zamaninmu, lokacin da masana'antarsa ke aiki a Kano, mai shi kuwa ko ina ya shiga sai an kalle shi.

Abu ɗaya nake so ka riƙe. Gudu kowane yaro ya iya. Gwani shi ne wanda ya san kekensa, ya san ƙasarsa, ya fita lafiya ya dawo lafiya, gobe ma ya sake fita.

Mu fara da keken kansa. Ka dubi masu dawaki idan hawan sallah ya gabato a garin Gumel. Tun da sauran kwanaki ake duba kofato, a gyara sirdi, a ɗinke linzami. Haka za ka yi wa dokin ƙarfenka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban abokin gabar keke a ƙasarmu shi ne rairayi, kuma sarƙa yake fara kamawa. Na sha ganin yara suna kwarara mata baƙin mai na inji, wai don ta yi santsi. Nufinsu mai kyau ne. Amma mai kauri yana riƙe ƙura, ƙurar kuma ta dinga cin ƙarfe a hankali. Bayan 'yan watanni sai haƙoran firiwil su cinye, sarƙa ta fara tsalle, a ce keken ba shi da inganci. Kai dai ka samu tsumma, da tsohon buroshin goge baki, da ɗan kananzir. Ka wanke sarƙar, ka bari ta bushe. Sannan ka ɗiga mata mai marar kauri, ɗigo-ɗigo, kana juya feda baya. Idan ka gama ka goge rarar tas. A lokacin hunturu, da ƙura ke tashi dare da rana, kada mako ya wuce ba ka yi haka ba. Idan sarƙa ta tsufa ta saki, ka canja ta da wuri. Kuɗinta kaɗan ne a kan kuɗin abin da za ta lalata.

Sai taya. A gefen kowace taya an rubuta iyakar iskar da za ta ɗauka. Ka karanta, ka kiyaye. Idan za ka sha iska wajen mai faci, ka tsaya a kansa, domin injinsa na babur da mota ne, nan da nan yake cika tayar keke ta wuce ƙima. Kada kuma ka bar keke a tsakar rana, zafi yana kumbura iskar ciki. Ƙaya kuwa ka san ba ta da iyaka a nan. Ga tsidau a bakin hanya, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa a ƙarƙashin inuwar da kake sha'awar hutawa. Duk inda za ka, ka ɗaure 'yar jaka a ƙarƙashin sirdi. Ka sa famfo, da faci, da sholisho, da sifana, da tub guda na ajiya. Ka zauna wajen mai gyara ka koyi yin faci da hannunka, ba abin kunya ba ne. Idan ka liƙe huda, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka ciro ƙayar. Wanda ya manta wannan, bai yi nisa ba zai sake sauka.

Birki kuwa, ɗana, ranka ne. Kafin ka fita daga zaure ka matse na gaba, ka matse na baya, ka tura keken ka ji ya cije. Idan maƙunshin birki yana taɓa kan keke kafin ya kama, wayar ta saki ko robar ta cinye. Kada mai ya taɓa gefen gargare ko farantin birki. Ka bi notuna ɗaya bayan ɗaya, musamman na ƙafar gaba. Idan ka ga gargare yana rangaji, ka kai wa mai gyara ya daidaita wayoyinsa tun bai karkace ba.

Idan gwanjo za ka saya, ka je da wanda ya san keke. Ku duba wuraren walda ko akwai tsagewa. Ku tambaya ko ana samun kayan gyaransa a Gumel, ko sai an aika Kano. Araha ba ta ado. Sirdi kuma ka daidaita shi da tsayinka: ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa gwiwa yake ci, amma sai an girma ake biyan bashin.

To, ina za ka hau? Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Mai son duwatsu sai ya nufi Dutse, ko Kazaure, ko Birnin Kudu. Mu abin da Allah ya ba mu shi ne tudun rairayi da doguwar hanya, kuma sun isa su horar da mutum.

Mai siririyar taya, kwalta ce gidansa. Daga Gumel zuwa Maigatari kilomita 20 ne da ɗoriya, tafiya mai daɗi idan aka fita bayan sallar asuba. Amma ka san ranaku. Alhamis kasuwar Maigatari take ci, kasuwar da ake kawo mata shanu da raƙuma da tumaki har daga Nijar. Tun daga yammacin Laraba hanyar take cika, tireloli kuma ba sa gama fita da dabbobi zuwa Kudu sai an shiga Juma'a. Waɗannan ranaku ka bar musu hanya. Haka ranar Lahadi a hanyar Gujungu. Direban da ya kwana yana tuƙi ba mugu ba ne, gajiya ce a idonsa, kai kuma ƙarami ne a madubinsa.

Mai ƙatuwar taya kuwa, hanyoyin ƙauye nasa ne. Ga na wajen Sule Tankarkar, su Danzomo da Jeke da Danladi. Ga na Gagarawa, su Medu da Madaka. Sun fi daɗin bi idan an yi ruwa ƙasa ta daddale, ko da kaka kafin rairayi ya sake. Idan za ka shiga rairayi mai zurfi, ka ɗan rage iskar taya, ka sauko da giya mai sauƙi, ka mayar da nauyinka baya. Kada ka daina taka feda, kada ka murɗa kan keke da ƙarfi, kada ka danne birkin gaba. Inda ya fi ƙarfinka, ka sauka ka tura. Sannu ba ta hana zuwa. A Gagarawa Tasha za ka tarar da layin dogon da ya tashi daga Kano, wanda ya isa Nguru tun 1930. Ka tsallaka shi kai tsaye, a miƙe. Idan ka zo masa a karkace, tayar gaba za ta zame a kan ƙarfen ta kayar da kai.

Ka tuna hanyar ƙauye tana da masu ita. Kada ka ratsa gonar mutum don yanke, gero da riɗi da zoɓon da kake gani guminsa ne na shekara. Idan ka haɗu da garke a burtali, ka tsaya ya wuce, ka gaida makiyayi. Idan ka shiga gari ka rage gudu, akwai yara da tsofaffi da kaji. Sallama da gaisuwa su ne guzurinka, domin ranar da keke ya lalace maka, mutanen nan ne za su ba ka ruwa da inuwa. Ta wajen Maigatari kuma iyaka tana kusa, gona tana kama da gona, sai ka shiga Nijar ba ka sani ba. Ka riƙe katin shaidarka, ka kuma tambayi hanya. Matambayi ba ya ɓata.

A kan kwalta ka bi hannun dama, tare da motoci. Ka sa kaya masu haske. Ka naɗe bakin wando kada sarƙa ta cafke shi. Ka cire abin jin waƙa daga kunne, kunne ido ne na baya ga mai keke. Kada ka kama bayan tirela ko a-kori-kura don ta ja ka. Rami ɗaya ko birki ɗaya ya isa. Da magariba amalanke na dawowa daga gona ba fitila, shi ya sa nake so almuru ta same ka a gida. In ta kama dole, ka sa farar fitila a gaba, ja a baya.

Zafin ƙasar nan ma ba abin wasa ba ne. Da bazara yakan haura digiri 40. Lokacin hawa shi ne daga asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar. Ka sha ruwa tun ƙishi bai kama ka ba, ka riƙe dabino a aljihu. Idan tafiyar mai tsawo ce, ka haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ka ji jiri, ko ciwon kai, ko ka ga abokinka ya fara magana ba kan gado, ku nemi inuwa nan take. Ku jiƙa masa jiki, ku yi masa fifita, ku nemi abin hawa zuwa asibiti. Da azumi kuwa a ajiye dogon gudu. Lafiya uwar jiki.

Yanzu mu zo kan tsere, inda na san zuciyarka take. Farkon abu hular kwano. Na san abokai za su yi maka dariya, za ka kuma ce tana da zafi. Bari in ba ka labari. A watan Maris na 2003, wani gwanin tsere ɗan ƙasar Kazakistan mai suna Andrey Kivilev ya faɗi a gasar Paris–Nice a Faransa, ba hula a kansa, ya rasu. A shekarar nan hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta wajabta wa ƙwararru sa hular kwano. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ka ɗaure igiyarta a haɓa. Idan ta taɓa buguwa da ƙasa da ƙarfi, ta gama aikinta, a sayi wata.

Na biyu, ƙwaya. Wani zai raɗa maka cewa tiramadol na hana gajiya. Abin da take yi shi ne ta ɓoye ciwo, ta dusashe hankali, a daidai lokacin da kake buƙatar hankalinka duka. UCI ta haramta ta a gasa tun 2019. Nairo Quintana ɗan Kolombiya ya zo na 6 a gasar Tour de France ta 2022, aka soke sakamakonsa saboda tiramadol. Ƙarfin da aka ara daga ƙwaya da lafiya ake biyansa.

Na uku, shiri. Idan kun tsara tsere a tsakaninku, ku fara da manya. Ku sanar da mai unguwa ko dagaci, ku je wajen 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra su taya ku tsare hanya. Ku zaɓi ranar da ba kasuwa. Ku zaga hanyar tun jajibere, ku san ramuka da kwanoni da inda rairayi ya hau kwalta. Ku sa mutum a kowace mararraba. Babur ɗaya a gaba, mota ɗaya a baya da ruwa da kayan agajin gaggawa. A duba birkin kowa kafin a tashi, kuma a raba ƙanana da manya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Cikin ayari, ka riƙe layinka. Kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wanda ke gabanka. Da ya ɗan kauce, kai ne a ƙasa, na bayanka kuma a kanka. Kada ka taka birki ba zato. Idan ka hango rami ka nuna da hannu, ka ɗaga murya. Wanda kake tsere da shi ɗan wani ne, uwarsa ma tana jiran dawowarsa. Idan wani ya faɗi ya bugi kai, ko yana kukan wuya ko baya, kada a ciccibe shi a guje. A tsare hanya, a ba shi iska, a danne inda ke jini da tsumma mai tsabta. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki. A kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra, a kai shi babban asibitin Gumel ko wanda ya fi kusa.

Ba don in sare maka gwiwa na faɗi waɗannan ba. Ina so ka yi nisa ne. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango 3 a Tour de France ta 2024, ya tafi gida da koriyar riga. A shekarar nan Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Najeriya a tseren keke na Olamfik, a Paris. A watan Satumban 2025 aka yi gasar duniya ta tseren kan titi a Kigali ta ƙasar Ruwanda, karo na farko a Afirka. Babu abin da zai hana wata rana a ji sunan ɗan Gumel ko ɗan Maigatari a irin wannan fage. Amma sai mai rai da lafiyar gaɓoɓi ne ke kai wa can.

Saboda haka, ɗana, duk sanda za ka fita ka gaya wa mahaifanka inda za ka da lokacin dawowa. Ka yi bisimilla, ka duba birki, ka ɗaure hularka. Abin da ka koya ka koya wa ƙannenka, domin kai suke kallo. Allah ya kiyaye hanya, ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.