Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke da iko da bayanan mai waya da mai na'urar wasa a Abidjan?

Wani mai sauraro daga unguwar Adjamé ya tambaya ko hukuma na iya sanin mai kowane layin waya. Tana iya sani, domin dokar ƙasar ta 2017 ta wajabta rajistar layi da takardar shaida, har ma da masu shiga shagunan intanet, ko da yake dokar kare bayanan sirri ta 2013, wadda hukumar sadarwa ta ARTCI ke kula da ita, ta hana tattara bayanan mutum ba bisa ƙa'ida ba. Mai na'urar wasa ta PlayStation a unguwar Treichville kuwa, takunkuminsa ba daga hukuma yake ba, daga kamfanin da ya ƙera na'urar yake: wasan da ya saya ta intanet izinin amfani ne kawai, kuma kamfanin, wato Sony, na iya rufe asusunsa, abin da ba kowane mai saye ke lura da shi ba.