'Ya'yan Kuka a Kantunan Turai

A shekarar 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninta. Garin nan da ake damawa cikin nono sai ga shi a kwalabe masu ƙyalli, da tsada, ana yi masa kirarin gagara-badau cikin 'ya'yan itatuwa. Hakika yana ɗauke da bitamin C mai yawa, amma kirarin na 'yan talla ne, ba na likitoci ba.

Iyaye su lura: bitamin C da ke cikin giram 100 na gwaiba ya kai ninki huɗu na lemon zaƙi. Mangwaro da gwanda kuwa suna ba jiki bitamin A, wanda idanun yara ke bukata. A wanke su da ruwa mai tsabta kafin a ba yara.