Cire Ayisi Daga Tsohuwar Kwamfuta Ba Tare Da Karya Ƙafa Ba

Idan Commodore 64 ta 1982 ta zo hannunka, kafin ka taɓa komai ka zare wuta, sannan ka ɗauki hoton allon cikinta da wayarka. Kowace ayisi tana da ɗan gibi a gefe ɗaya, shi ke nuna inda take fuskanta. Ka mayar da ita a juye, ta ƙone.

Ka tabbatar a kan soket take zaune. Wasu an liƙe su da dalma ne kai tsaye. Idan a kan soket take, sa bakin siririn sukurdireba tsakanin ayisin da soket ɗin, ba tsakanin soket da allo ba, nan ne mutane ke yanke layukan tagulla. Ɗaga gefe ɗaya kaɗan, koma ɗaya gefen, haka-haka har ta saki. Mai fizga da yatsu shi ke lanƙwasa ƙafafu, kuma ƙafar da ta shekara 40 ba ta jure miƙewa sau biyu.

Da hunturu lantarki na taruwa a jiki, don haka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa tukuna. Ayisin sauti 6581 mai ƙafa 28 an daina ƙera ta tuntuni. Idan ka cire ta, soka ta cikin soson da ake ajiye ayisi, ban da leda.