Darasi: Gicciyen Farfajiyar Majami'a

A karanta: Yaƙubu 2:1-9

Darasinmu na wannan karo ya fito daga ƙauyukan Ingila na shekaru 700 zuwa 800 da suka wuce. A zamanin nan kusan kowace majami'a tana da gicciyen dutse a farfajiyarta, bisa matakala, yawanci ta gefen kudu. A 1229 Bishop na Worcester ya ba da umarni a kafa irinsa a majami'un da ke ƙarƙashinsa.

Amfaninsa

Na ɗaya, a farfajiyar ake binne mutanen ƙauye, kuma galibinsu ba a sa musu dutsen kabari. Gicciyen nan guda shi ne abin tunawa da dukansu, mai gona da ɗan ƙodago.

Na biyu, wurin sujada ne. Ran Lahadin Dabino jama'a sukan fito daga majami'a cikin jerin gwano, su tsaya gindinsa a karanta Bishara. Da yake ƙasarsu ba ta da dabino, rassan itatuwan gida suke riƙewa.

Na uku, dandalin gari ne. A nan ake wa'azi da sanarwa. Har kasuwa ta riƙa ci a wurin, sai da Sarki Edward na Ɗaya ya hana a 1285.

Daga baya rikicin addini ya taso, a 1643 majalisar ƙasar ta ce a rushe su. A ƙauyuka da yawa yau gindin da matakalar kaɗai suka rage.

Abin koyi

Ba muna cewa ku tara kuɗi ku sayi dutse ba. Ikilisiyoyinmu da dama suna da itacen darbejiya ko mangwaro a farfajiya, inda dattawa ke zama, zumuntar mata ke taro, ake kuma rabon hatsin taimako. A nan ne ake gane ko muna nuna tara. Idan aka fara rubuta sunan ɗan'uwan dattijo, gwauruwar da ba ta da mai magana dominta ta koma gida da kwarya wayam, mun karya abin da Yaƙubu ya koyar.

Tambayoyi

1. Su wane ne a ƙauyenku ba sa zuwa taro saboda kunyar talauci?
2. Wa ke rubuta sunayen mabukata, kuma ana karanta su a gaban jama'a?
3. Yaushe kuka share maƙabartarku, har da kaburburan marasa dangi?